Kufan Maya da Rijiyoyin Kogo a Yini Guda: Yadda Ake Zaɓen Tafiyar da Ta Cancanci Kuɗinta

Tambaya

Wani mai karatu da ke aiki a birnin Houston na Amurka ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum. Ina shirin kai iyalina hutun kwana biyar a Kankun ta ƙasar Meziko a watan Disamba, ni da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara bakwai da 'yar shekara goma sha ɗaya, da kuma mahaifiyata wadda ta haura sittin kuma take fama da ciwon gwiwa. Ina ta ganin tallar yawon yini guda tare da ɗan jagora, inda ake kai mutum kufan mutanen Maya na dā, sannan a biya da shi wata rijiyar kogo ya yi iyo. Farashin ya bambanta ƙwarai, wani ya ninka wani sau uku ko huɗu. Shin haɗa biyun a rana ɗaya dabara ce ko wahala ce kawai? Ta yaya zan zaɓa, kuma me ya kamata mu kiyaye a matsayinmu na Musulmi?"

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Haɗa kufai da rijiyar kogo a rana ɗaya daidai ne, kuma ni a ganina shi ne ma hanyar da ta fi dacewa a fahimci wannan yanki. Sai dai abin da kake saya da kuɗinka a irin wannan tafiya awoyi ne, wato awa nawa za ku yi a cikin mota, awa nawa a cikin kufai, kuma da ƙarfe nawa za ku isa. Bambancin farashin da ya ba ka mamaki kusan duka daga nan ya taso, ko da yake masu talla ba su cika bayyana shi ba.

Zan fara da dalilin da ya sa abubuwan biyu suke tafiya tare, domin shi ne zai nuna maka ko ɗan jagoran da aka haɗa ku da shi ya san aikinsa. Arewacin zirin ƙasar Yukatan, inda Kankun take, shimfiɗa ce ta dutsen farar ƙasa mai rarake, kuma kusan babu kogin da ke gudana a samanta, saboda duk ruwan saman da ya zuba yakan zurare ta cikin dutsen ya taru a ƙarƙashin ƙasa, inda a tsawon dubban shekaru ya ci dutsen ya yi koguna da hanyoyi. Idan rufin irin wannan kogo ya rufta, sai ruwan ya bayyana, kuma wannan ramin ne mutanen wurin suke kira senote. Akwai dubbansu a yankin: wasu a buɗe suke kamar tafki, wasu zagayayyun ramuka ne masu zurfi da jijiyoyin itatuwa ke reto a cikinsu, wasu kuma cikin kogo suke sai an bi matakala an sauka. A kewayen birnin Merida ma sun jeru a kan wani baka, wanda masana suka gano cewa shi ne gefen ramin Chicxulub, mai faɗin kusan kilomita 180, inda wani dutse daga sararin samaniya ya faɗo shekara miliyan 66 da suka wuce. A ƙasar da ba ta da kogi, kuma rani yake ɗaukar watanni, duk inda aka ga babban gari to akwai ruwa a kusa da shi, don haka senote ce ta kafa garin tun kafin a ɗora dutse ɗaya a kan ɗaya.

Chichen Itza, wadda yawancin tallace-tallacen da ka gani suke nufi, ita ce misali mafi bayyana. Garin ya yi ƙarfi ne tsakanin ƙarni na 9 da na 11 Miladiyya, kuma yana da senote biyu sanannu: Xtoloc, wadda mutane suke ɗiban ruwan sha a cikinta, da kuma wadda ake kira Senote Mai Tsarki, mai faɗin kusan mita 60, wadda wata tsohuwar hanya ta dutse mai tsawon kimanin mita 300 ta haɗa da babban filin garin. A cikin ta biyun ne suke jefa hadaya ga Chaac, abin bautarsu na ruwan sama. Wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ya yashe ta daga 1904 zuwa wajen 1910, ya fito da zinariya da koren dutse mai daraja da turaren ƙaro da ƙasusuwan mutane, kuma ya aika da mafi yawan kayan zuwa gidan tarihin Peabody na Jami'ar Harvard, abin da har yau mutanen Meziko ba su manta ba. A 2015 kuma masu bincike na babbar jami'ar ƙasar, UNAM, suka sanar cewa na'urorinsu sun nuna akwai wani kogon ruwa a ƙarƙashin babbar dalar garin kanta. Ba a yin iyo a Senote Mai Tsarki, kallonta kawai ake yi daga sama, kuma ɗan jagoran da ya tsallake ta don sauri ya hana ku rabin labarin.

Yanzu ga lissafin yinin. Daga Kankun zuwa Chichen Itza kusan kilomita 200 ne, wato wajen awa biyu da rabi a babbar hanya mai kuɗin shiga idan ba a tsaya ko'ina ba. Tafiya mai araha ta babbar bas takan fara ne da zagayen otal-otal tana kwasar fasinjoji, wanda shi kaɗai yana iya cin fiye da awa guda, wani lokacin ma sai an sauke mutane a wata tasha an sake rarraba su a motoci. Daga nan sai a tsaya a wani shagon tsaraba da ake kira ƙauyen Maya, inda kamfanin yake da la'ada a kan duk abin da kuka saya. A ƙarshe za ku shiga kufan ne da tsakar rana, lokacin da rana ta take, kuma lokacin da sauran bas-bas ɗin duka suka iso, a ba ku awa ɗaya da rabi ko biyu, a ba ku ƙasa da awa guda a ruwa, a tsaya minti talatin a garin Valladolid, ku koma otal da dare bayan awa goma sha biyu ko fiye. Saurayi mai ƙarfi zai iya jure wannan. Hajiya da ɗan shekara bakwai kuwa za su dawo ba su tuna komai ba sai zafi da gajiya.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, alhali yana iya gyara yinin gaba ɗaya. Kankun tana jihar Quintana Roo ne, Chichen Itza kuma tana jihar Yukatan, kuma agogon Yukatan yana bayan na Kankun da awa guda. Ana buɗe ƙofar kufan da ƙarfe 8 na safe agogon Yukatan, wanda ke nufin cewa idan motarku ta bar otal da 6:30 agogon Kankun ta miƙe kai tsaye, za ku tarar ana buɗe ƙofa, iska tana da sanyi, filin kuma babu cunkoso. Wannan shi ne abin da tafiyar ƙaramar mota mai mutum goma zuwa goma sha biyu, ko motar da kuka ɗauka ku kaɗai, take sayar muku da tsada, kuma tsadar ta halatta. Tun da ku biyar ne, ka lissafa kuɗin kujeru biyar a ƙaramar mota ka kwatanta da kuɗin ɗaukar mota da direba da jagora naku na kanku, domin sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Ka tuna dai cewa awar da kuka samu da safe za ku mayar da ita a hanyar dawowa. Sannan ka guji ranar Lahadi, saboda a ranar 'yan ƙasa da mazauna ƙasar suna shiga kyauta, wurin yakan cika maƙil.

A cikin kufan, awa biyu da rabi zuwa uku ne ma'auni mai kyau. Babbar dalar, wadda ake kira El Castillo ko haikalin Kukulkan, abin bautarsu mai siffar maciji, tana da tsayin kusan mita 30 har da ɗakin da ke samanta, kowace fuska huɗu tana da matakala 91, idan aka haɗa da dandamalin sama sai su zama 365, adadin kwanakin shekara. An daɗe da hana hawanta, kuma wannan sauƙi ne gare ku, tun da filin shimfiɗaɗɗe ne, gwiwar Hajiya ba za ta sha wahalar hawa ba, abin da za ta buƙata shi ne laima da ruwa da wurin hutawa a inuwa. Yara za su ji daɗin tafa hannu a gaban matakalar su ji amsa-kuwwa mai kama da kukan tsuntsu, da kuma filin wasan ƙwallo mai tsawon mita 168, wanda babu kamarsa girma a duk yankin, inda zoben dutse yake manne can sama a jikin bango. Inuwar maciji da ke saukowa a gefen matakalar, wadda ake yawan sakawa a hotunan talla, tana bayyana ne a kusa da 21 ga Maris da 22 ga Satumba, don haka kada wani ya yi muku alkawarinta a Disamba. Masu sayar da tsaraba sun cika hanyoyin cikin kufan, yawancinsu mutanen garuruwan da ke kewaye ne, kuma ciniki a wurinsu al'ada ce, wanda ba sai na koya wa Bahaushe ba.

Zaɓen senote shi ne inda iyalinka suka fi buƙatar kulawa, domin sunan wurin da ke cikin talla ba ya nuna yawan matakalarsa ko zurfinsa. Ik Kil, wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga Chichen Itza, ita ce mafi shahara kuma kyakkyawa ce ba shakka, amma ruwanta yana kusan mita 26 ƙasa da doron ƙasa, ana sauka ne ta matakalar dutse da ke jiƙe kullum, zurfinsa kuma ya kai mita 40, babu inda ƙafa za ta taɓa ƙasa. Hajiya za ta iya kallo daga barandar sama ba sai ta sauka ba, yara kuma ba za su shiga ba sai da rigar da ke hana nutsewa, wadda dama tilas ce ga kowa a wurin. Suytun da ke kusa da Valladolid ta yi suna ne saboda dandamalin dutse da hasken rana ke saukowa a kansa, amma a gaskiya wurin ɗaukar hoto ne, kuma za ku iya ƙare lokacinku a layi. Oxman, a harabar wata tsohuwar gona kusa da Valladolid, tana da igiyar lilo da 'yarka mai shekara goma sha ɗaya za ta so, tana kuma da wurin zama a sama. Yokdzonot, yamma da Chichen Itza, ƙungiyar mutanen garin ce, galibinsu mata, take gudanar da ita, ba ta cika cunkoso ba, kuma kuɗin da kuka biya yana zama a hannun masu wurin. Wannan ya cancanci a yi la'akari da shi, domin mutanen Maya ba su ƙare da rushewar garuruwansu ba, har yau fiye da mutum 700,000 suna magana da harshen Maya na Yukatan, kuma mai yiwuwa direbanku ko mai dafa muku abinci yana cikinsu.

Ruwan senote yana da sanyi, wajen digiri 24 zuwa 25 a duk shekara, wanda bayan zafin kufai yake da daɗi, shi ya sa tsarin da ya dace shi ne kufai da safe, ruwa da tsakar rana lokacin da haske ke faɗawa kai tsaye cikin ramin, abinci daga baya. Za a umarce ku da ku watsa ruwa kafin ku shiga, kuma kada ku shafa man kare fata daga rana ko maganin sauro ko turare, saboda ruwan nan ɗaya ne da wanda ƙauyuka suke sha, yana kuma ratsawa daga kogo zuwa kogo har teku. Girman wannan haɗuwa ya wuce yadda ido ke gani: a 2018 masu ninƙaya suka gano mahaɗa tsakanin kogunan Sac Actun da Dos Ojos kusa da Tulum, wanda ya mai da su hanya guda mai tsawon kusan kilomita 347 a ƙarƙashin ruwa. Kada yara su taɓa duwatsun da ke reto daga rufin kogo, kada su haɗiyi ruwan, kuma ku sayi takalman roba masu riƙe ƙasa, domin santsi a matakala shi ne hatsarin da ya fi yawa, ya fi nutsewa aukuwa nesa ba kusa ba.

Ba dole ba ne sai Chichen Itza. Tulum tana kusan kilomita 130 kudu da Kankun, ƙaramin gari ne mai ganuwa da aka gina a kan tsauni a bakin tekun Karebiyan, ana gama zagayensa cikin awa ɗaya da rabi, kuma a hanyar akwai senote buɗaɗɗu irin su Cenote Azul, mai wurare marasa zurfi da yaro zai tsaya da ƙafarsa, babu kuma doguwar matakala. Gine-ginen Tulum ba su kai na Chichen Itza girma ko ado ba, inuwa ma ta yi ƙaranci, amma ga iyali mai tsoho da yaro wannan ita ce tafiya mafi sauƙi. Coba, kimanin kilomita 45 daga Tulum, tana cikin daji mai inuwa, tana da dala mai tsayin mita 42, kuma akwai masu keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar mutum daga gini zuwa gini, abin da zai yi wa Hajiya amfani sosai. Daga nan ne wata tsohuwar hanyar Maya mai tsawon kusan kilomita 100 ta miƙe zuwa tsohon garin Yaxuna. Ek Balam kuma, arewa da Valladolid, tana da ado na siminti irin na dā da ya tsira kusan yadda yake a bakin kabarin sarkinta Ukit Kan Lek Tok, da senote mai suna Xcanche a nisan kilomita ɗaya da rabi. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne tallar da ke alkawarin kufai biyu da senote biyu da gari da bakin teku duk a yini ɗaya, domin duk tashar da aka ƙara, daga lokacin sauran aka yanko ta.

Kafin ka biya, ka nemi kamfanin ya amsa maka wasu tambayoyi a rubuce. Ka tambayi ko kuɗin shiga kufan yana cikin farashin, domin a Chichen Itza kuɗi biyu ake biya, ɗaya na hukumar tarihi ta tarayya, INAH, ɗaya na gwamnatin jihar Yukatan, kuma jimillarsu ga babban baƙo ta haura peso 600, kuɗin Meziko, a shekarun nan, wanda tafiye-tafiye masu araha sukan ɓoye sai an shiga mota a ce a kawo. Ka tambayi kuɗin rigar ruwa da akwatin ajiye kaya da abin sha a wurin cin abinci, ka tambayi yawan mutanen da ke cikin motar, da ƙarfen da za a isa ƙofa, da sunan senote ɗin takamaimai. Ka tambayi harshen da za a yi bayani da shi, saboda idan jagora ɗaya zai maimaita komai da Sifaniyanci da Ingilishi, rabin bayanin kawai kuka samu. Jagoran gaskiya yana ɗauke da katin shaida na ma'aikatar yawon buɗe ido ta tarayya a wuyansa, kuma akan samu irinsu a bakin ƙofar kufan a yi ciniki da su kai tsaye. Idan kuma wani a filin jirgi ko a harabar otal ya yi muku tayin tafiyar kusan kyauta, ku sani sharaɗinsa yawanci shi ne ku zauna awoyi ana tallata muku hannun jarin ɗakin hutu. Ku riƙe tsabar peso don ihisani ga jagora da direba, domin al'adar wurin ce.

Game da addini, abinci ne ya fi buƙatar lura. Girkin Yukatan ya dogara ƙwarai da naman alade: cochinita pibil da poc chuc, waɗanda kusan kullum suna kan teburin da ake kai 'yan yawo, duka alade ne, kuma abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kitsensa, wanda suke kira manteca, ana saka shi a wake da wasu kayan masara. Ku riƙe kalmomi biyu, sin cerdo da sin manteca, wato ban da alade, ban da kitsensa. Kifi da ƙwai da shinkafa da 'ya'yan itace suna samuwa, akwai kuma papadzules, wainar masara da dafaffen ƙwai da miyar 'ya'yan kabewa, wadda ba ta da nama. Wanda ba ya cin naman da bai san yankansa ba gara ya tsaya a kan waɗannan, ya kuma ɗauki ɗan guzuri. Tafiye-tafiye da yawa suna haɗawa da ɗanɗana giyar tekila, wasu kuma da wani biki da boka yake turara baƙi da hayaƙi yana musu addu'a irin tasu. Ba tilas ba ne ko ɗaya, kuma idan kuka faɗa wa jagora tun da safe cewa ba za ku shiga ba, ba za a ga baƙonku ba. Ta fuskar salla, ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar a wurin cin abinci, alƙibla kuma tana arewa maso gabas; ku kula dai cewa a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida agogon Yukatan. Maiɗakinka za ta iya shiga ruwa da rigar iyo mai rufe jiki duka, kuma akwai ɗakunan canza kaya na mata daban a manyan wuraren, sai dai ta guji yadi mai nauyi ko mai faɗi da zai sha ruwa. Ku sani kuma cewa sauran baƙi za su kasance cikin kayan iyo irin nasu, wanda wani dalili ne na zaɓen senote mara cunkoso.

Da ni ne mai tsara muku kwanakin nan biyar, da na ware dare ɗaya a Valladolid, wadda ke kusan kilomita 45 daga Chichen Itza. Ku tafi da yamma ku kwana, ku zaga dandalin garin da Sifaniyawa suka kafa a ƙarni na 16 a kan tsohon garin Maya na Zaci, wanda senote ɗinsa tana nan a tsakiyar gari, ku shiga kufai da ƙarfe 8, ku yi iyo a Yokdzonot ko Oxman da tsakar rana, ku koma Kankun kafin dare ya yi nisa. Jirgin ƙasa na Tren Maya, da ya fara aiki a Disamban 2023, yana tsayawa a Valladolid da Chichen Itza, amma tashoshinsa suna wajen gari, sai an ƙara da wata motar, don haka ga mutum biyar mota ta fi sauƙi. Idan kwana a waje bai yiwu ba, to ku ɗauki mota ta kanku ku fita da 6:30, ko ku bar Chichen Itza ku yi Tulum ko Coba. Disamba lokacin rani ne a can, zafi da ruwan sama duka sun yi sauƙi, amma makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara farashi yakan tashi kuma motoci sukan ƙare, don haka ka kama wuri da wuri. Ka kuma duba takardun Hajiya tun yanzu: mai fasfo na Najeriya ko Nijar da ke riƙe da bizar Amurka mai aiki yana iya shiga Meziko da ita, amma dole bizar ta kasance mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, domin da ita ce za ta sake komawa Houston tare da ku.